Yatsun Inna a Allon Babila

Tun farkon shekara Inna ta gaya mini cewa daga wannan ajin na gama makaranta. Tana durƙushe ne gaban tanderu, hannunta na dama a ciki har kafaɗa, ta ce kafaɗar nan ta fara ba ta labari, gurasa kuwa ba ta manna kanta. Na iya karatu, na iya rubutu, me kuma ya rage? Na waiwayi Baba, yana saka takalmi zai tafi aikinsa na tashar jiragen ruwa, ya ce duk abin da uwata ta ce shi ne. Haka Baba yake. Mutum ne mai kirki ƙwarai, amma ban taɓa ganin ya tsaya tsakanin Inna da abin da ta yanke ba.

Ni kuma makarantar horon malamai mata nake son wucewa. A lokacin ba a daɗe da buɗe wa 'yan mata makarantun gwamnati a Jidda ba, na shiga da girmana, kuma na ɗanɗana na ji daɗi. An raba mana takardar neman shiga, aka ce sai an sa hannu daga gida kafin ƙarshen shekara. Tawa na ninke ta na cusa cikin littafin tarihi, kullum in buɗe in duba ta in mayar.

Gidanmu yana unguwar Ammariyya, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, tanderu ya ci rabinsa. Inna ce ta gina shi da hannunta. Daga ƙasar Kano ta taso tana budurwa tare da iyayenta, suka keto Sudan, da niyyar su yi aikin hajji su koma. Iyayen suna kwance a nan, ita kuma ta yi aure ta haife ni, tana ta cewa baɗi. Kowace safiya takan gasa gurasa ta kai kasuwar Bab Makka ta zauna cikin 'yan'uwanta mata masu tire. Don kada tata ta ɓace cikin ta mutane, kafin ta manna kowace ɗaya sai ta danna mata yatsu uku a gefe. Masu saye har juya gurasar suke yi su nemi yatsun.

Abin da zan faɗa yanzu ba na alfahari da shi. A makaranta na ce wa 'yan ajinmu uwata ɗinki take yi. Kafin in fita nakan wanke jiki sau biyu don ƙaurin hayaƙi, kuma in wata ta yi mini Hausa sai in yi kamar ban ji ba. Larabcina na Hijaz ya fi na wasunsu kyau, amma da an yi faɗa kaɗan sai a ce mini Takaruniya, sunan gorin da ake yi wa mu da asalinmu Afirka ta Yamma ne, ni kuma zuciya gare ni, sau biyu ana kai ni ofis saboda na ja wa wata gashi.

A wannan shekarar aka kawo mana sabuwar malamar tarihi, mutuniyar kudancin Iraƙi. Abla muke ce mata, kamar yadda ake ce wa duk malamai mata. Doguwa ce, siririya, ga muryar maza, ba ta dariya sai ta kama. Ranar farko ta rubuta kwanan wata a allo da wani suna da ba mu saba da shi ba, muka yi ta kallon juna. Ta ce a garinsu haka ake kiran watannin rana, Nisan da Tammuz da Ailul da sauransu, kuma sunayen sun girmi Larabci a rubuce, daga Babila suka fito. Daga nan ta kama hanya. Ta ce kafin Babila akwai mutanen Sumer, waɗanda suka gina birane tsakanin koguna biyu, suka haƙa magudanan ruwa, suka raba sa'a gida sittin kamar yadda muke yi har yau. Su ne suka fara rubutu, a kan ɗanyen yumɓu, da tsinken kara, kowace alama kamar kan ƙusa. Garinsu Abla ba shi da nisa da kangon birnin Ur, ta ce tana yarinya mahaifinta ya kai ta, ta taka tubalinsa da ƙafarta.

Wata rana tana lissafa mana abin da mutanen Babila suke ci, ta ce gurasa ce abincinsu, suna gasa ta a jikin wata tukunyar ƙasa da suke kira tinuru. Ta ce shi ne tannur na Larabci, kuma a littattafan Yahudawa ma tannur ne. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba.

"Tanderu," na ce, da ƙarfi kuma.

Aji ya fashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abla ta ɗaga hannu aka yi tsit, ta zo har gaban tebur ɗina ta tambaye ni wane harshe ne wannan. Na ce Hausa. Ta sa na maimaita sau uku, ta je ta rubuta a allo a ƙarƙashin sauran, tinuru, tannur, tanderu, ta tsaya tana kallonsu kamar ta tsinci ɗan'uwanta a kasuwa. Ta tambaya a ina na san shi. Na rasa ƙaryar da zan yi, na ce akwai ɗaya a gidanmu, uwata gurasa take yi. Wadda take zaune kusa da ni ta ce ashe ɗinkin gurasa ne. Na kalle ta, na ajiye mata wannan a raina, amma ranar ban taɓa gashin kowa ba.

Ƙarshen shekara makaranta takan yi taro ta gayyaci iyaye mata su ga aikin 'ya'yansu. Abla ta ce ajinmu zai yi allunan yumɓu irin na Babila. Ta ba kowa alamomin da za ta kwafa daga littafinta, ta nuna mana yadda ake danna kusurwar kara. 'Yan gidan masu hali suka sa direbobi suka samo musu yumɓu. Wasu suka shanya a rana a kan soro, allunan suka tsattsage kamar ƙafar mai kaushi. Wata ta saka nata a murhun gas na gidansu, ya yi bindiga, kuku ya ruga waje ba takalmi. Saura mako biyu a yi taro, babu allo ko ɗaya da ya tsira. Sai Abla ta kira ni bayan an tashi, ta ce wanda ya gina tanderu ya san yumɓu, ko uwata za ta taimaka?

Na kai wa Inna maganar ina ɗari-ɗari. Ta ce ita da take neman mai taimakonta, ita za a ƙara wa aiki, a kan arnan da suka mutu tun kafin a san ranar haihuwar kowa? Na buɗe littafin na nuna mata rubutun, ta ce wannan ai sawun kaji ne. Sai na tuna abin da zai kama ta. Na ce a birnin Ur ɗin nan aka ce an haifi Baban Annabawa, daga can ya yi hijira bayan ya farfasa gumakan mutanensa. Inna ta yi salati, ta goge hannu a zaninta, ta karɓi littafin ta sake duba sawun kajin da kyau. Kashegari ta dawo daga Bab Makka da yumɓu a kanta, daga wajen masu ginin tuluna.

Ranar na san Inna malama ce. Ta ce yumɓu zalla ba ya son wuta, sai an ba shi abokin zama. Ta daka fasasshen kasko ya zama gari, ta tankaɗe, ta zuba, ta ƙara ɗan ƙaiƙayi mai laushi, ta sa ni na cuɗa da ƙafa har cinyoyina suka yi tsami. Ta ce ba a shanya shi a rana, a inuwa yake bushewa, a lulluɓe, a riƙa juya shi kamar jinjiri. Ranar Jidda, in ji ta, ko mutum aka shanya a ciki sai ya tsage.

Muna cuɗawa ina ba ta sauran labarin da Abla ta ba mu. A shekarun nan rediyo ba ya ambaton Yahudawa sai da zafi, shi ya sa in Abla ta zo wurin nan takan rage murya, amma ba ta taɓa tsallake shi ba. Na gaya wa Inna cewa Bani Isra'ila jikokin Baban Annabawa ne, kuma bayan zamani mai tsawo wani sarkin Babila ya ci birninsu da yaƙi, ya rushe ɗakin ibadarsu, ya kwashe manyansu zuwa Babila. Wato sun koma ƙasar da kakansu ya baro, amma a matsayin kamammu. Da suka ga ba ɗakin ibada, ba ƙasa, sai suka riƙe abin da ake iya ɗauka a ka. Malamansu suka tattara rubuce-rubucensu, suka kama hutun Asabar da ƙarfi, suka tsare abin da ake ci da wanda ba a ci, suna taruwa ana karanta musu. Abla ta ce a wannan zaman baƙunta ne addinin Yahudanci ya ɗauki yawancin kamannin da aka san shi da su, har sunayen watannin Babila suka ɗauka, suna amfani da su har yau.

Inna ta tambaya ko sun koma gida. Na ce da aka ba su izni wasu sun koma, da yawa kuma suka zauna, 'ya'ya da jikoki, shekaru aru-aru. Abla ta ce tana ƙarama maƙwabtansu na jikin katanga Yahudawa ne, uwarta da tasu uwar tanderu ɗaya suke gasa gurasa, sai daga baya suka tashi. Inna ta ci gaba da murza yumɓu a tafin hannunta.

"Ashe su ma zama ya kama su," ta ce. "Suna ta cewa baɗi."

Ban taɓa jin tausayin Inna irin na ranar ba. Na so in fito da takardata a lokacin, na ga ba daidai ba ne, na bar ta a cikin littafi.

Alluna goma sha biyu muka yi, kowane kamar tafin hannu. Na kwashe yini guda ina danna kara, ina kwafar alamomin ɗaya bayan ɗaya, har wuyana ya sage. Na jera su a faifai, Inna ta rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta ajiye kusa da faifan ƙullinta inda ba rana. Da safe na fito na tarar tana aikinta, tana ɗaukar ƙulli ta faɗaɗa ta danna ta manna, tana yi wa Baba mitar itacen da ya sayo ɗanye. Na ɗaga ƙyallen don in ga alluna. Ta juya su kamar yadda ta ce za ta yi, amma kowane ɗaya, a gefensa, ga yatsu uku sun nutse, har da shatin farce. Hannunta ne ya yi abin da ya saba, ita ba ta ma san ta yi ba.

Na yi mata abin da ban taɓa yi ba. Na ɗaga murya, da Larabci kuma, don na san ya fi yi mata ciwo. Na ce ta ɓata mini aiki, wannan ba gurasar Bab Makka ba ce, ilimi ne, abin da ba ta sani ba. Baba ya ajiye kofin shayinsa ya kalle ni. Inna ta leƙa faifan, ta ga yatsunta, ta ce, "Halas, shi ke nan, na yi kuskure, ya binti, 'yata. In kina so a sake cuɗawa." Sai ta koma kan gurasarta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Lokacin sakewa kuma babu, don bushewa kaɗai sai ta ci mako guda.

Duk da haka ita ta gasa su. Bayan gurasar ƙarshe, da wuta ta kwanta, ta jera su a bakin tanderu su sha ɗumi, kashegari ta matsar da su ciki, a rana ta uku ta binne su cikin garwashi ta rufe bakin da kasko. Da suka huce ta fito da su jajaye, ta ƙwanƙwasa kowane da farce tana saurare. Ko ɗaya bai tsage ba. Na naɗe su a tsumma na kai makaranta, raina a jagule, na shirya ba da haƙuri.

Abla ta kwance tsumman a kan tebur ɗinta. Ta ɗauki na farko, ta bi rubutun da ido, ta juya gefe, sai ta tsaya. Ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku. Na fara bayani cewa uwata ba ta yi karatu ba, hannunta ne ya saba, sai na ga Abla tana dariya, irin wadda ba mu taɓa gani ba, har da hawaye. Ta tambaye ni wa ya gaya wa uwata. Na ce ya gaya mata me? Ta ce a Babila in an rubuta yarjejeniya, mai hatimi yakan buga hatiminsa, wanda ba shi da shi kuma sai ya danna farcensa a gefen allon tun yana ɗanye, magatakarda ya rubuta cewa farcen wane ne a madadin hatiminsa. Ta ce ta gani da idonta a gidan adana kayan tarihi na Bagadaza, sau da yawa uku-uku, a gefe, daidai inda Inna ta sa nata.

"Ke kwafa kika yi," in ji Abla. "Ita kuwa sa hannu ta yi. Ki ce mata ina son ganinta ranar taro."

Na koma gida da gudu, abin da budurwa ba ta yi a titin Ammariyya. Na durƙusa na ba Inna haƙuri da Hausa, na gaya mata abin da Abla ta ce. Ta ce in daina yi mata ba'a. Sai da na rantse. Ta kalli yatsunta, gabansu da bayansu, ta ce ita da kullum in an je sabunta iƙama, takardar izinin zama, sai ta ji kunya, kowa na jan alƙalami ita ana kama mata yatsa ana dangwalawa kamar ta yi sata.

Ranar taro ta sa zaninta na saƙi da ta zo da shi daga gida, ta ɗora baƙar abaya a kai, ta cika tire da gurasa mai zafi, wai ba a zuwa wurin mutane hannu sake. Na so in ce ta bar tiren, na kama bakina. Farfajiyar makaranta ta cika da mata, turare kamar a yanka da wuƙa, ga Inna da ƙaurin hayaƙinta a tsakiya. Da aka zo kan ajinmu, Abla ta yi bayanin Sumer da Babila a taƙaice, ta ɗaga allo ɗaya, sannan ta ɗauki gurasa ɗaya daga tiren Inna ta ɗaga su tare, yatsu uku a nan, yatsu uku a nan. Ta ba da labarin farce. Ta ce duk ajin an gwada an kasa, matar nan ce kaɗai ta san yadda ake sa yumɓu ya jure wuta. Sai ta roƙi Inna ta faɗa wa mutane sunan abin da take gashi a ciki da harshenta.

Inna ta miƙe, ba rawar murya, irin muryar da take kiran masu saye, ta ce, "Tanderu."

Abla ta maimaita sunayen uku a jere, mata suka yi ta tafi. Aka yi wa tiren rubdugu, kowace ta ɗauka sai ta juya gefe ta nemi yatsun. Uwar yarinyar nan mai maganar ɗinkin gurasa da kanta ta zo tana tambayar Inna wane gefen Bab Makka take zama. Ni kuwa ina tsaye a bayan Inna, kaina ya yi girma, duk wadda ta kalle ni sai in ce mata uwata ce, ko ba ta tambaya ba.

Da mutane suka ragu, Abla ta ce da ni in fassara mata, kada in rage kada in ƙara. Ta ce wa Inna 'yarta tana da kai, kuma tana da bakin koyarwa, in an bar ta za ta tsaya inda ita Abla take tsaye. Na fassara. Inna ta ce ta ji, amma kafaɗarta fa? Na fassara wannan ma, ko da yake ban so ba. Inna ta ɗauki allo ɗaya ta sa yatsunta a cikin ramukan, suka zauna daram. Ta tambaye ni shekara nawa ke nan da mutanen can suka fara gashi a tanderu. Na ce dubbai.

"To abin da ya yi dubban shekaru bai mutu ba, ba rashinki ne zai kashe shi ba," ta ce. "Zan nemi mai taya ni. Ina takardar da kike ta ɓoyo a littafi? Yalla, kawo."

Ashe ta sani tun tuni. Na zaro takardar, duk ta yi laushi don ninki. Muka shiga ofis, ma'aikaciyar ta buɗe akwatin tawada ta miƙo hannu za ta kama wa Inna babban yatsa, kamar yadda ake yi. Inna ta janye hannunta. Ta dangwala yatsu uku a tawada da kanta, ta danna su a gefen takardar, ta ɗan murza kamar yadda take yi wa gurasa. Ma'aikaciyar ta ce ba haka ake yi ba, ɗaya ake so, kuma a kan layi. Abla ta ce ta ƙara mata ɗayan a kan layi in dole ne, amma ukun nan kada a taɓa su.

A hanyar gida Inna ta ɗora mini tiren a ka, ta ce tunda ban zama malamar ba tukuna, in ɗauka. Na ɗauka tun daga ƙofar makaranta har Ammariyya, muna tafe muna hira da Hausa, yatsunta uku sun yi shuɗi da tawada, ta ƙi gogewa.